Tsiron Klaudiya, Kunun Ummusalma

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Katako yana jiran a tsaga masa katako, rana tana dukansa, garin itace yana shiga masa hanci, to ya san kunun zaƙin Ummusalma. Da hantsi take isowa, gajeriyar mace mai saurin tafiya, bokiti a ka, kofuna a leda. Ba ta kiran kowa. Kafintoci da masu injin tsaga su ne suke ajiye aiki su taso. Ba ta da gida nata, ba ta da ko keken ɗinki, kuma mijinta Usumanu direban tirela ya rasu tun 'yarsu Jannatu tana firamare. Abu ɗaya ta tara a duniya, shi ne sunanta. Kunun Ummu a ba wa yaron da aka yaye, a ba wa mai azumi ya buɗe baki, a kai wa liman, ba wanda zai tsaya sunsunawa kafin ya kai baki. A Jos kuwa, inda kan yiwu katanga ɗaya ce tsakanin tukunyar kunu da tukunyar burukutu, wannan ba ƙaramin arziki ba ne. Sunan nan ne ya shiga hatsari, kuma a ranar da ta fi kowace rana daraja a wurinta.

A unguwar Laranto aka haife ta. Kakanta haƙar kuza ce ta kawo shi daga Kazaure, bai koma ba. Gidan haya ne babba suka tashi a ciki, irin na da, ɗaki-ɗaki, wannan ƙofa Bahaushe, waccan Bayarabe, ta ƙarshe kuma wata mata 'yar Birom mai dafa burukutu a bayan gida. 'Yar matar, Klaudiya, sa'ar Ummusalma ce. Tare suke ɗiban ruwa, tare ake zane su. An hana Ummu zuwa kusa da tukwanen, kuma ba ta taɓa kai ko ɗigo bakinta ba, amma akwai aikin da ba a hana ta ba. Uwar Klaudiya takan jiƙa dawa, ta baza a kan buhu, ta rufe da wani buhun mai danshi, yaran nan biyu su riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har ƙwayar ta fasa baki ta fito da farin gashi. Sai a shanya. Shi ne tsiro. Daga cikinsa uwar Ummusalma take karɓar ɗan kwano ta sa a kununta, kuma a wancan zamani ko malamin unguwa bai ga abin magana ba. Hatsi ne ya ji ruwa ya tsira.

Da Ummusalma ta yi aure ta fara sana'ar, haka ta ci gaba. Ta jiƙa gero, ta kai inji da citta da kanumfari da masoro, ta raba ƙullun biyu. Babban kason ta sheƙa masa tafasasshen ruwa ta dama har ya yi kauri, ludayi ya tsaya a ciki. Sai ta jira. Nan ne gwanintar take, don ba agogo take dubawa ba, ɗan yatsanta take tsomawa. In zafin ya sauka yadda yatsa zai iya zama, sai ta zuba ɗanyen kason da aka niƙa da tsiro, ta juya, ta rufe, ta lulluɓe da bargo saboda sanyin Jos. Kafin gari ya waye abin da ludayi ya tsaya a cikinsa ya tsinke ya zama ruwa, ya yi zaƙi ba tare da ko cokali ɗaya na sukari ba, ga ɗan tsami mai daɗi a bayan harshe. Ta tace, ta jefa ƙanƙara, sai Katako.

Jannatu ce ta gaya mata sunan abin da take yi, bayan ta gama jami'a ta zama malamar kimiyya a wata sakandare. Suna tankaɗe wata rana ta ce, "Umma, kin san ƙwayar hatsi cike take da sitaci, guzurin da aka ajiye wa ɗan tsiron da zai fito. Amma shi ba ya iya cin sitaci sai an daddatse shi ya zama sukari. To da ƙwaya ta ji ruwa ta fara tsira, sai ta ƙera wani sinadari, enzayim muke ce masa. Ba rai gare shi ba, kuma ba ya ƙarewa a wurin aikin. Ya datse wannan, ya koma kan wancan. Shi ne yake tsinka miki kunu ya sa masa zaƙi. Tafasasshen ruwa kuma lalata shi yake yi, shi ya sa kike jira da yatsa."

Abin ya yi wa Ummusalma daɗi ƙwarai. "Ashe almakashi nake karɓowa a wurin Klaudiya!"

"Shi ne fa. Amma sukari yana da masu sonsa, Umma. Akwai 'yan mitsi-mitsin halittu da ido ba ya gani, suna jikin hatsin, suna jikin bokiti, suna cikin iska. Na farko su ci sukari su ba ki tsami, irin na nono da ƙullun waina. Wannan ci da canzawar shi ne tsimuwa, famanteshan a aji. In aka bar shi ya daɗe a wuri mai ɗumi, sai yis ya karɓi aiki, irin dai na burodi. Shi in ya ci sukari, iska yake fitarwa da barasa." Ta yi dariya. "Kunu da burukutu mota ɗaya suka hau. Ke kina sauka a tashar farko, su Anti Klaudiya suna wucewa."

Uwar ta ajiye rariya. "Ke! Kada na ƙara jin wannan maganar, balle a waje. Kin ji ni ko?"

Tana da dalilin tsorata. Tun da rigingimu suka raba garin, kowa ya kwashi kayansa ya koma cikin nasa, gidan hayar nan ya zama na Musulmi zalla, Klaudiya kuma ta koma can wajen Kabong, ta gaji tukwanen uwarta. Ba mai zuwa gidan wani. A kasuwar Farin Gada suke haɗuwa, tsakanin buhunan kabeji da karas, inda ba a tambayar addinin mai tumatir. Klaudiya ta miƙo ƙullin tsiro, su tsaya su yi hirar ciwon gwiwa da 'ya'ya, kowa ta kama gabanta. Wai Ummusalma ba ta iya yin tsiron da kanta ba ne? Ta iya sarai! Amma in ta yi, da wane dalili za ta ƙara ganin Klaudiya? Sai dai idon mutane ba ya barci. A hankali aka fara ƙus-ƙus: kunun Ummu da kayan gidan giya ake haɗa shi, shi ya sa wanda ya saba ba ya iya bari. Masu faɗar haka, wallahi, su ne kan gaba wajen miƙo kofi.

Da girmanta ta shiga Islamiyyar matan aure, furfura ta riga ta fito. Ta sha wuya ba kaɗan ba. Mata sa'o'in 'yarta suna haddacewa a zama ɗaya, ita tana maimaita aya a bakin murhu har ta shige. Amma ta kai. Aka sa sunanta cikin masu saukar Alƙur'ani, ta kuwa tashi a aji ta ce kunun walima duka nata ne, sadaka.

Shugaban makarantar, Malam Zubair, mutum ne mai sanyin magana, bai kai ta shekaru ba. Ya kira ta gefe. "Mama Ummu, ki gafarce ni. An kawo mini magana a kan kununki, kuma malamai za su zo daga unguwanni. Ina so in ji daga bakinki."

Ta dube shi ido cikin ido. "Malam, tsiro nake karɓa a wurin ƙawata, Kirista ce, kuma tana dafa abin da take dafawa. Ban ɓoye ba. Amma abin da ke bokitina kunu ne. Ban taɓa ba wa ɗan Musulmi abin maye ba."

"Ya isa," in ji shi. A gaban kwamitin makaranta ya ce shi ya tsaya mata, duk wanda ke da magana ya same shi.

To ga inda ƙaddara ta shigo, kuma ta hannunta ta shigo. Don tana son kunun ranar ya fi na kullum, sai ta ninka tsiro. Don yana da yawa ba zai shiga bokiti ba, da ta tace sai ta ɗura a manyan jarkoki ta ɗaure murafu tam, kada ƙuda ya faɗa. Kuma hannunta, da ya saba tun tana amarya, ya jawo bargo ya lulluɓe su a ɗan ɗakin ajiya na zaure, alhali watan Maris ne, lokacin da ko Jos takan yi zafi kamar ba ita ba. Niyyarta da safe ta yaye bargon, a sayo ƙanƙara. Ƙanƙara ita ce birkin, sanyi yana sa 'yan halittun nan su lafa.

Safiyar ba ta zo yadda aka shirya ba. Wani abu ya faru a wata unguwa, kowa da irin labarin da ya ji, shaguna suka rufe, aka sa dokar hana fita. Aka ɗage walima. Wuta ta ɗauke, masu ƙanƙara ba su da ko ta jefawa a kofi. 'Yan uwa daga bakin iyakar unguwa suka cika mata ɗaki da yara da ƙullin kaya. Kullum sai a ce gobe za a sassauta. Tsakanin dafa wa baƙi da sauraron abin da ke tashi daga nesa, ko taya ce ta fashe ko ba taya ba, wa zai tuna da bargo? Ita dai ba ta tuna ba.

Ranar da aka sassauta dokar, aka ce a fita da safe a dawo kafin la'asar, sai ga saƙon Malam Zubair: a yi walima yau bayan azahar, a taƙaice, mutane su ɗan ji sanyi a ransu. Ummusalma ta yi hamdala ta buɗe ɗakin ajiya. Ta yaye bargon. Jarkokin sun kumbura, cikinsu ya yi tulu, ɗaya har ta kasa zama daidai a ƙasa. Ta murɗa murfi kaɗan. Fsss! Kumfa ta biyo yatsunta, wari kuma ya bugi fuskarta. Ta san shi. Rabonta da shi tun tana yarinya a bayan gidan haya, amma ta san shi.

"Jannatu!" ta kira.

Jannatu ta zo, ta sunkuya, ta ɗago jiki a sanyaye. Maƙwabciyarsu Suwaiba, wadda tare za su yi saukar, ta biyo ta da sabon hijabinta a hannu. Mace ce mai son Ummusalma har zuciya, amma bakinta ya fi tunaninta sauri.

"Ya wuce ko bai wuce ba?" in ji Ummusalma.

"Umma, yis ya yi aiki, ga iskar nan. Amma ko ya kai ya bugar, hancina ba zai faɗa ba. Abin awon yana makaranta, makaranta kuma a kulle."

"Haba, Yaya Ummu!" Suwaiba ta ce da raɗa. "Tsami ne kawai. A zuba sukari, a ƙara ruwa, wa zai sani? Ko ki ɗanɗana ki ji."

Ta ɗanɗana ta gane me? Ba ta san ɗanɗanon giya ba balle ta ce ga shi. In kuwa ita ce, da bakin da za ta karanta Alƙur'ani yau za ta fara shan ta? Sabon kunu ba zai yiwu ba, sai an jiƙa, an niƙa, an kwana. In ta zubar da wanda bai lalace ba, ta kunyata kanta da Malam a banza. In ta kai wanda ya lalace, ko mutum ɗaya ya ji kansa ya yi nauyi, ta shayar da mahaddata barasa. Mutum ɗaya ta sani a duniya da harshensa zai raba mata wannan gardama. Ta ɗauki waya.

"Ummu, yau?" in ji Klaudiya. "Romanus ɗana ya ce ko ƙofa kar na leƙa." Sai ta ji yadda numfashin ƙawarta yake fita. "To. Wurin masu kabeji. Ina zuwa."

Ta ɗura kunun a robar ruwa, ta cusa a jaka, ta zura hijabi. Suwaiba ta ce ba za ta bar ta ta tafi ita kaɗai ba. Titi fayau, ba Keke Napep ko ɗaya, sai ƙafa. A kowace kusurwa samari suna zaune a kan benci, ba sa hira, suna bin duk mai wucewa da ido. Robar tana ɗumi a jikin haƙarƙarinta, tana jin ta tana ƙara tauri.

Kafin gadar da ke bakin kasuwar akwai shingen sojoji. Wani dogo ya nuna jakar da baki. "Mama, buɗe."

Ta buɗe. Ya ɗaga robar, ya ga ta kumbura, ya ja baya kaɗan, sauran suka gyara riƙon bindiga. A irin wannan rana, kumburarriyar roba a jaka ba abin wasa ba ce.

"Mene ne a ciki?"

"Kunu ne, oga."

Ya murɗa murfin. Fsss! Ya kai hanci. Sai ya dubi robar, ya dubi hijabinta har ƙasa, ya saki wani murmushi da ta gwammace mari a kansa. "Kunu, ko? Mama, wannan kunu ya yi girma." Ya miƙa mata, suka bushe da dariya. Ta wuce ba ta ganin gabanta sosai, kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Farin Gada rabinta a rufe, ganye ya yi yaushi a kan tebura. Klaudiya tana tsaye bayan tarin buhuna, ta yafa zane a ka, idonta yana yawo. Ba su tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta karɓi robar, ta zuba kaɗan a murfi, ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta tofar. Ta sake kurɓa, wannan karon ta haɗiye.

"Ummu," ta ce a hankali, "ya tsallaka."

"Ki tabbata, Klaudiya."

"Sana'ar uwata ce. Bai yi ƙarfi ba, ƙato zai sha kofi da yawa kafin ya ji. Amma yarinya ƙarama, ko tsohuwa da ba ta ci abinci ba, za ta ji shi a kai. Ni in nawa ya kai nan, na san gobe kasuwa." Ta kama hannunta. "Me ya faru? Ke da ba kya kuskure?"

"Na ninka tsiro. Na rufe. Na bar shi a bargo."

"A wannan zafi? Wayyo, Ummu." Idon Klaudiya ya kawo ruwa. "Kuma yau ne ranar karatunki."

Ba su iya tsayawa ba. Kowa ta juya ta nufi ɓangarenta da sauri.

A hanya Suwaiba sai magana take. "Yaya Ummu, shekara nawa kina kunu bai taɓa yi miki haka ba? Sai wannan karon, na walimar Alƙur'ani? Ki yi tunani mana. Wa ya san abin da aka barbaɗa a tsiron nan?"

"Rufe mini baki, Suwaiba."

"Ni sunanki nake ji."

Tun daga bakin lungu Ummusalma ta san an riga ta. Warin ya cika layin. Malam Zubair ya turo mota a ɗauki kunu, ya biyo da kansa, masu ɗauka suka jijjiga jarka ɗaya, murfin ya yi tsalle, kumfa ta wanke zauren har waje. Mutane sun taru maƙil, matan Islamiyya da fararen hijabai, dattawa, da samarin nan na kan benci waɗanda suka kwana biyu suna neman inda za su sauke abin da ke cinsu. Jannatu tana bakin ƙofa tana ta bayani, ba mai saurarenta. Da aka hango Ummusalma, kowa ya juyo gare ta.

Malam Zubair bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ciwo. "Mama Ummu, mene ne wannan?"

Kafin ta buɗe baki, Suwaiba ta faɗo tsakiya. "Ba laifinta ba ne, Malam! Cutar ta aka yi! Matar nan mai burukutu ce ta ba ta tsiron, yanzu ma daga wurinta muke. Da gangan aka yi, don a shayar da mu giya ranar sauka!"

Kai, Suwaiba! Ita a ganinta taimako ta yi.

Wurin ya ɗauki guna-guni. "Wace mata?" "A ina take?" Wani saurayi ya ce ya san ta, yana ganin su a Farin Gada, ɗanta ma yana gyaran babur a bakin hanya. Wani ya riga ya fito da waya. Matan kuwa fuskokinsu suka sassauto, suka fara duban Ummusalma da tausayi. "Allah sarki, baiwar Allah, an ci amanarta." Ta ga abin ƙarara. Ga sunanta an miƙo mata shi a wanke, ko magana ba sai ta yi ba. Ta sunkuyar da kai kawai ta yi hawaye, a rungume ta, gobe kununta ya fi na jiya kasuwa. Kuma ta so hakan, kada a yi ƙarya. Zuciyarta ta so shi ƙwarai. Amma ta san garin da take ciki, ta san inda irin wannan magana take kwana in ta fita daga lungu a rana irin ta yau.

"Ƙarya ne!"

Ba a taɓa jin ta da irin wannan murya ba. Ta ture mutane ta hau dakalin ƙofar gida, don gajeriya ce, tana son kowa ya gan ta.

"Ba wanda ya sa mini komai. Kai mai waya, mayar da ita aljihu! Tsiron da ta ba ni shi take ba ni tun ba a haife ku ba, hatsi ne da ruwa, shi kuke sha kullum a Katako. Ni na ninka shi da hannuna don neman a yaba. Ni na toshe jarkoki. Ni na lulluɓe su da bargo na manta. Duk kunun da ke gidajenku, ku rufe shi a zafi ku bar shi, haka zai zama, ba sai wani ya taɓa ba. Ita kuwa matar da kuke tambaya, ta fito yau ɗanta yana hana ta, ta ɗanɗana ta ce mini kada na ba ku. Da ta so ku sha, da cewa za ta yi lafiya lau ne." Ta nuna jarkokin. "Giya ce. A ɗakina ta zama giya, a hannuna. In akwai wanda za a tsine wa, ga ni."

Ta sauko, ta kama jarka ta farko, ta ja ta da ƙyar har bakin kwata, ta kwance murfin ta tuntsurar. Jannatu ta kama mata ta biyu. Haka suka yi ta yi, uwa da 'ya, kumfa tana gangarawa cikin lungu, mata suna toshe hanci da gefen hijabi suna ja da baya. Tausayin nan da ya sauko ɗazu ya janye. Ta ji wata tana cewa, ba a ɓoye ba, "To ai ga shi ta faɗa da bakinta." Samarin suka tsaya jim, abin ya zama ba daɗin kallo, suka koma bencinsu ɗaya bayan ɗaya.

Malam Zubair ya matso. "Na tsaya miki a gaban mutane, Mama Ummu."

"Ranar da ka tambaye ni kunu ne, Malam. Yau ne ba kunu ba."

Ya dubi kwatar. Sannan ya juya ga jama'a. "Walima tana nan bayan azahar. Za a sha ruwa." Ya dube ta. "Ki je ki sake kaya. Sunanki yana cikin masu karatu."

Ta yi karatun. Ba ta yi tuntuɓe ko a wasali ɗaya ba. A kan tabarma kuwa an bar fili tsakaninta da na kusa da ita, wanda mutum biyu za su zauna. Suwaiba ce ta taso daga baya, ido jawur, ta zauna a ciki.

Da gari ya lafa ta koma Katako da rabin bokiti. Ta ajiye a inda ta saba. Injina suna ta kuka, ba wanda ya kashe nasa. Waɗanda suke tasowa tun kafin ta sauke kaya, yau kowa ya ga aikin da ba zai iya bari ba. Wani yaron shago ya ce wani abu game da burukutu, aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Sai can tsoho Bala kafinta, wanda yake shan kununta tun tana goyon Jannatu, ya karkaɗe rigarsa ya taho. Ta cika masa kofi cikin murna. Ya karɓa ya yi bismilla. Kafin ya kai baki, sai ya ɗan tsaya, ya kai kofin hanci.

Bai ma san ya yi ba. Ya shanye, ya ce Allah ya yi albarka, ya koma aikinsa. Ita kuwa ta juya baya tana gyara kofunan da ba su buƙatar gyara, don kada a ga fuskarta.

Ranar kasuwa ta je Farin Gada. Klaudiya tana wurin masu kabeji da ƙullinta, ba ta san an taɓa tambayar inda ɗanta yake gyaran babur ba, kuma ba za ta taɓa ji daga bakin Ummusalma ba.

"Yaya aka ƙare ranar?" ta tambaya.

"An yi karatu lafiya."

"Kasuwa fa?"

"Da godiya." Ummusalma ta dubi ƙullin. "Rabi za ki ba ni yau. Rabi ya ishe ni yanzu."

Klaudiya ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Ta tsuguna a tsakanin buhunan ta kwance ƙullin, ta fara raba tsiron biyu, Ummusalma ta tsuguna ta riƙe mata bakin ledar.